Dalilan Farin Jinin Littafin Ruwan Bagaja: Nazari Daga Bakin Kogin Haɗeja

1.0 Gabatarwa



Manufar wannan takarda ita ce ta yi ƙoƙarin amsa wata tambaya wadda a ido ƙarama ce, amma kuwa ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya a ɗakin karatu. Tambayar ita ce, me ya sa littafin Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya haura shekara 90 da fitowa, har yanzu ya ke kama zuciyar mai karatu, alhali kuwa littattafai da yawa da suka biyo bayansa an karanta su an manta?

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan tambaya shi ne wani abu da muka lura da shi a kwalejin horon malamai inda mu ke koyar da adabin Hausa. Da yawa daga cikin ɗalibanmu 'yan ƙasar Haɗeja ne, daga Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma da Birniwa da sauran garuruwan da ke kewaye da kogi. In muka tambaye su labarin Ruwan Bagaja, sai su jero mana sunan mawallafi da shekarar bugu da sunayen taurari da jigo, kamar masu biya hadda, fuska ba ko murmushi. Amma ran da muka ajiye alli muka buɗe littafin muka karanta musu wani yanki a bayyane, sai ajin ya kaure da dariya har malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya ga ko lafiya. Daga nan muka gane cewa Ruwan Bagaja iri biyu ne a hannunmu, akwai na jarrabawa, akwai kuma wanda Imam ya rubuta. Tun da ya ke waɗannan ɗalibai su ne za su koma ƙauyuka su koyar da yara, lalle ne mu san wanne za mu ba su su tafi da shi. Saboda haka za mu dubi asalin littafin, sa'an nan mu warware abubuwa huɗu da mu ke ganin su ne sirrin farin jininsa, watau ɓoyayyen al'amari mai jan rai, da raha, da zambo, da almara. Daga ƙarshe za mu dubi yadda mai karatu na bakin kogin Haɗeja ya ke karɓar labarin, mu kuma kawo 'yan shawarwari.

2.0 Asalin Littafin

A shekarar 1933 ne Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su gwada hannunsu. Ya bayyana wahalar da ya sha a wata maƙala da ya buga a 1936, domin malaman wancan zamani suna ɗaukar rubutu a matsayin kayan addini da ilmi, ƙagen labari kuwa hirar mata da yara ce da dare. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar waɗanda suka zama harsashin ƙagaggen labarin Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East kansa.

A lokacin gasar Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. An haife shi a Kagara a 1911, a gidan malanta da alƙalanci, ya yi karatun Arabiyya a gida, sa'an nan ya yi na boko har Kwalejin Katsina. Daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ya rasu a Zariya a 1981.

Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin shi ne ya nuna mana maɓuɓɓugai uku da littafin ya sha ruwa daga gare su. Ta farko ita ce tatsuniya. Sunan Ruwan Bagaja ya girmi Imam, domin kowane yaron da ya yi hirar dare ya san 'yar bora wadda aka tura ta wanko ƙirgi a Ruwan Bagaja, ta yi ladabi a hanya ta dawo da arziki, 'yar mowa kuwa ta yi rashin kunya ta dawo da tsiya. Ta biyu ita ce adabin Larabci, musamman Maƙamat na Hariri, mutumin Basra wanda ya rasu a 1122, littafin da har yau a ke karantawa a zaurukan malamanmu. A cikin maƙamomi 50 na wannan littafi, mai ba da labari, Harisu, yana ta cin karo da wani fasihin ɗan damfara, Abu Zaidi, a garuruwa daban-daban cikin kamanni daban-daban. Imam da bakinsa ya amsa cewa daga nan ya ɗauko dabarar gwama mutum biyu masu gasar wayo. Ta uku ita ce littattafan da boko ya kawo. Manazarta irin su Ibrahim Malumfashi sun nuna kamannin da ke tsakanin ƙashin bayan labarin da wata tatsuniyar Jamus ta 'yan'uwan nan Grimm, inda a ke neman ruwan rai don warkar da sarki.

Wasu sukan ɗauki wannan aro a kan aibi. Mu dai ga abin da mu kan ce wa ɗalibanmu: kogin Haɗeja ruwan Kano ne da na Calawa suka haɗu, amma ba mu taɓa jin wanda ya zo Haɗeja ya ce a mayar masa da ruwansa ba. Abin dubawa shi ne me ruwan ya zama bayan ya haɗu, da kuma irin shukar da ya raya.

3.0 Ɓoyayyen Al'amari Mai Jan Rai

Labarin ya fara ne da wani mai yawon ba da labari, Koje Sarkin Labari, wanda ya sauka a Kwantagora a gidan wani mai arziki, Alhaji Imam. Maigidan ne ya karɓi magana ya ba da labarin kansa. Ɗan Sarki ba shi da lafiya, magani ya faskara. Liman, wanda ya ke matsayin uba ga Alhaji, ya ce a gaban fada da za a sami Ruwan Bagaja da yaron ya warke. Sarki ya mai da maganar abin ba'a, Liman ya dawo gida da baƙin ciki. Nan Alhaji ya ɗauri aniyar ba zai zauna ba sai ya samo ruwan.

A nan Imam ya ɗaura wa mai karatu igiya, kuma igiyar tufka uku ce. Tufka ta farko ita ce tambayar ko akwai wannan ruwa a duniya ko babu. Mai karatu Bahaushe ya san sunan daga tatsuniya, watau daga duniyar ƙarya, don haka a ransa yana iya ba Sarki gaskiya da ya yi dariya. Sai ga shi kuma malami mai mutunci ne ya faɗi maganar. Wa ke da gaskiya, Sarki ko Liman? Ba za a sani ba sai an kai ƙarshen littafi. Ya kamata mu lura cewa abin da ke kan ma'auni ya wuce lafiyar ɗan Sarki, wanda mai karatu bai ma san shi sosai ba. Mutuncin dattijo ne da aka zubar a bainar jama'a, kuma duk Bahaushe ya san nauyin wannan.

Tufka ta biyu ita ce tambayar yaya aka yi. Tun daga shafin farko mun ga Alhaji a gidansa cikin wadata, don haka mun san bai mutu a hanya ba. Wannan ya raba littafin da labaran 'yan sanda irin na Turawa, inda a ke ɓoye wanda ya yi kisa har sai babi na ƙarshe. Imam ya nuna mana mutumin ya tsira, ya bar mu da ƙishirwar sanin ta wace ƙofa ya fita daga kowane tarko.

Tufka ta uku kuwa, wadda a ganinmu ta fi daɗi, ita ce ta Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Da zarar mai karatu ya ga Alhaji ya haɗu da Zurƙe sau biyu, sai ya shiga zargin duk baƙon da ya ɓullo a sabon gari. Sai karatu ya koma kacici-kacici tsakanin marubuci da mai karatu. Mun sha ganin ɗalibi ya katse mu a tsakiyar karatu yana cewa, "Malam, wallahi wannan shi ne!" In ya canka daidai ya ji daɗin basirarsa, in ya kuskure ya ji daɗin an yi masa wayo. Ko ta wace hanya dai marubuci ya ci riba, domin yaron ba zai yarda a rufe littafin ba.

4.0 Raha

Ban dariyar Ruwan Bagaja tana da ƙa'idoji, kuma malami yana iya koyar da su kamar yadda ya ke koyar da nahawu.

Ƙa'ida ta farko ita ce ramuwa. Yau Alhaji ya jefa Zurƙe cikin wahala, gobe Zurƙe ya rama da ƙari. Da ɗaya ne kullum ke cin ɗaya, da tausayi ya shigo ya kashe dariya. Amma da ya ke kowa ya san na ƙasa zai hau sama, mai karatu yana dariya hankali kwance. Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu, shi ne tsarin wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ko kuwa mu Haɗejawa da Katsinawa. Sharaɗin wannan wasa shi ne kada a kai abokin wasa inda ba zai tashi ba, domin in ya faɗi ɗungum wasa ya ƙare. Haka Zurƙe ya ke, duk wuyar da ya sha sai ya sake ɓullowa a gaba.

Ƙa'ida ta biyu ita ce bakin da labarin ke fitowa daga gare shi. Alhaji ne ke ba da labarin kansa, kuma ba ya wanke kansa. Yana faɗin ƙaryar da ya shirga da dukan da ya sha da murya ɗaya, kamar mai ba da labarin cinikin kasuwa. Dattijo mai arziki, mai sunan Alhaji, yana zaune a zaurensa yana tona asirin ƙuruciyarsa ba tare da kunya ba: wannan saɓani tsakanin girman mai magana da ƙanƙancin abin da ya aikata shi ne rabin dariyar.

Ƙa'ida ta uku ita ce gadon Gizo. Alhaji da Zurƙe duka jikokin Gizo ne, watau marar ƙarfi wanda ke rayuwa da wayo a tsakanin masu ƙarfi. Bambancin shi ne Imam ya cire wa Gizo ƙafafu takwas ya sa masa riga da rawani, sa'an nan ya yi shi guda biyu. A tatsuniya Gizo yakan cuci kura ko giwa, masu ƙarfi marasa dabara. A nan kuwa Gizo ne ya gamu da Gizo, shi ya sa kowace karawa sai ta fi ta baya zurfin dabara.

Ƙa'ida ta huɗu ita ce harshe. Jimlolin Imam na kunne ne. Ya san inda zai ja magana da inda zai datse ta, ya san amfanin kirari da karin magana da amsa-kama, ya kuma san zaɓen suna, domin tun kafin Zurƙe ya yi komai sunansa ya riga ya sa murmushi. Wannan shi ne dalilin da ya sa ɗalibin da ya karanta taƙaitaccen bayanin littafin a takardar malami ba ya dariya. An ba shi ƙashin kifi ne, an zubar da romon.

5.0 Zambo da Gugar Zana

Da raha kaɗai ce a littafin, da ya tsaya a matsayin abin hira. Abin da ya ɗaga shi sama shi ne dariyar tana da inda ta dosa. Bari mu ɗauki misali guda mu tsaya a kansa.

A wani ƙauye Alhaji ya yi shigar malamai, mutane suka karɓe shi hannu biyu, alhali ba shi da karatun kirki. Zurƙe, wanda ya fi shi karatu nesa ba kusa ba, ya zo ya nemi tona masa asiri a gaban jama'a. Alhaji ya zana wata 'yar lanƙwasa a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya dube ta da idon mai ilmi ya kira sunan harafi. Alhaji ya ce ko kusa, wannan tsayuwar wata ce. Jama'a suka duba, suka ga lalle haka jinjirin wata ya ke, suka ba jahili gaskiya, mai ilmi ya sha kunya.

Wa a ke yi wa zambo a nan? Da farko dai malamin ƙarya, wanda jarinsa rawani ne da ƙarfin hali. Na biyu jama'ar da ke auna ilmi da abin da idonsu ya saba gani. Na uku kuma, wanda ɗalibai ba su cika lura da shi ba, shi ne mai ilmin kansa, wanda ya san harafi amma bai san mutanen da ya ke magana a gabansu ba. Mu malamai da ke wannan zaure ya kamata wannan kashi na uku ya taɓa mu.

Haka kuma al'amarin alƙalin da ya karkata shari'a saboda ya hango ƙunshi a hannun Alhaji, ya zaci toshiya ce, ashe duwatsu ne. Haka Sarkin da ya yi wa malaminsa dariya a kan abin da shi kansa bai sani ba. In muka tara su sai mu ga cewa malami da alƙali da sarki, watau ginshiƙai uku na ƙasar Hausa ta 1933, duk littafin ya shafa musu toka. Yaya aka yi saurayi ɗan shekara 22 ya yi haka ya kwana lafiya, har littafinsa ya shiga makarantu?

Muna ganin dalilai uku. Na ɗaya, ya bi hanyar habaici, wanda ba ya kama suna. Ya kai abin can wasu garuruwa masu nisa, ya bar mai kaza a aljihu da rashin jimirin as. Na biyu, ya sa wa babban ɗan damfarar littafin sunansa na kansa, wanda kuwa ya fara zagin kansa ya toshe bakin mai ƙorafi. Na uku, zambon bai taɓa ilmi ko shari'a ko addini ba, masu cin abinci da sunansu ya taɓa. Hujjarmu ita ce, a ƙarshen labari maganar Liman ce ta tabbata. Littafin da ya yi ta wasa da malaman ƙarya, gaba ɗayansa an gina shi ne don a wanke malamin gaskiya. Wannan ita ce amsar da mu kan ba waɗanda ke cewa littafin yana koya wa yara raina malamai.

6.0 Almara

Kashi na huɗu shi ne abubuwan al'ajabi, watau aljanu da tsofaffin bayin Allah masu nuna hanya da ƙasashen da ƙafar ɗan Adam ba ta saba takawa ba. A nan ma akwai abin lura. Ga Bahaushe Musulmi aljani ba ƙage ba ne, halitta ce da ya yi imani da samuwarta. Saboda haka in labari ya tashi daga kasuwa da kurkuku da zauren alƙali ya shiga duniyar aljanu, mai karatu ba ya jin an yi tsalle da shi. Ganɗoki ma haka ya yi, ya fara da yaƙin Turawa na zahiri ya zarce zuwa ƙasashen aljanu. Bambancin shi ne Ganɗoki da takobi ya shiga, Alhaji kuwa da dabara da taimakon waɗanda suka fi shi sani.

Aikin almara a littafin, a fahimtarmu, shi ne ta sauya ma'aunin tauraro. A cikin mutane Alhaji yana cin nasara da ƙarya. Da ya doshi inda ruwan ya ke, sai ƙarya ta daina amfani, sai bin umurni da haƙuri da jimiri. A nan ne littafin ya koma ga uwarsa tatsuniya, inda ladabin 'yar bora ya kai ta ga Ruwan Bagaja. Mai karatu ya yi dariya har ya gaji, sa'an nan aka ba shi abin da zai riƙe.

In muka haɗa huɗun sai mu ga kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Neman ruwa shi ne zaren da ya hana barkwancin watsewa. Raha ita ce ta hana doguwar tafiya gundura. Zambo ya ba dariyar nauyi, almara kuma ta ba zambon mafaka. Wannan ba ya nufin littafin ba shi da rauni. Wasu aukuwoyin kamar duwatsun tsakiya su ke, ana iya zare ɗaya ba a ji an rasa komai ba. Mata ba su da wani katabus a cikinsa. Wani lokaci kuma ba'ar da a ke yi wa mutanen ƙauye takan yi tsanani, abin da ɗalibanmu, waɗanda yawancinsu 'yan ƙauye ne, ba su kasa lura da shi ba. Kyautuwa ya yi malami ya faɗi waɗannan da bakinsa, ya bar ɗalibai su yi muhawara a kai.

7.0 Mai Karatu a Bakin Kogin Haɗeja

Littafi ɗaya ne, amma kowace ƙasa da kunnen da ta ke jin sa da shi. Mutanen fadamar Haɗeja rayuwarsu duka a kan ruwa ta ke. Kogin ya ratso ƙasarsu, ya bazu cikin dausayin da ya miƙa har Nguru, ya haɗu da na Jama'are, suka zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. Da wannan ruwa a ke noman shinkafa, da shi a ke su, da shi a ke noman rani, a kansa makiyaya ke sauka da rani. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, zuwan ruwa da janyewarsa suka sauya daga yadda kakanni suka san su. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, wani wuri ya bushe, wani wuri ruwa ya kwanta ya ƙi tafiya. Ambaliyar 2020 da ta 2022 kuwa ta cinye gonaki da gidaje a garuruwan da ɗalibanmu suka fito.

Mutumin da ya tashi a nan ba ya bukatar a yi masa sharhin cewa ruwa yana iya zama magani, yana kuma iya zama abin nema da wahala ko da yana gaban ido. Wani ɗalibinmu ɗan gidan masunta ya taɓa ce mana shi abin da ya ba shi mamaki a littafin shi ne a ce ruwa yana da wuri ɗaya da ya ke zaune har a je a same shi, domin nasu ruwan kullum cikin sauya hanya ya ke. Wata ɗaliba kuma ta ce a garinsu, shekarar da ambaliya ta kewaye su, ruwa har gwiwa amma na sha ya zama Ruwan Bagaja. Ba mu koya musu wannan fassara ba, ƙasarsu ce ta koya musu.

Haka nan duniyar aljanu ba ta yi musu nisa ba, domin sun tashi suna jin labarin gurbin da masu ba sa jefa taru sai sarkin ruwa ya yi abin da ya gada. Zurƙe da Alhaji kuwa suna ganinsu duk ranar kasuwa, ga mai maganin da ke warkar da cuta arba'in da kwalba ɗaya, ga mai kiran waya ya ce an ci kyauta a turo kuɗin karɓa, ga mai neman ƙuri'a da ke alkawarin gyaran kogi duk kakar zaɓe. Yaron da ya yi dariyar tsayuwar wata ya kuma gane dalilin dariyarsa, ya sami wani ɗan makami na kare kansa daga irin waɗannan. Wannan a ganinmu amfani ne na zahiri, wanda ya isa ya sa a daina kallon littafin a kan abin wasa.

8.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba 'yan'uwanmu malamai waɗannan shawarwari.

Na farko, a karanta littafin a bayyane a cikin aji, ko da babi ɗaya ne a mako, malami ya fara, ɗalibai su karɓa. Kada taƙaitawa ta maye gurbin matani.

Na biyu, kafin a buɗe littafin a tura ɗalibai gida su ɗauko tatsuniyar Ruwan Bagaja daga bakin tsofaffi, su rubuto ta da karin harshen garinsu, sa'an nan a kwatanta ta da abin da Imam ya yi. Ta haka za a sami riba biyu, fahimtar littafi da adana adabin baka.

Na uku, a haɗa kai da malaman sashen Larabci su kawo maƙama ɗaya ta Hariri su fassara wa aji, don ɗalibai su ga aron da idonsu, su kuma ga gyaran da aka yi masa.

Na huɗu, a sauya irin tambayoyin jarrabawa. Maimakon a ce a jero garuruwan da Alhaji ya bi, a tambayi ɗalibi wa a ke yi wa dariya a wuri kaza, kuma da wace dabara.

Na biyar, a ƙarfafa wa ɗalibai su gwada rubuta nasu. Fadamar Haɗeja, da masunta da makiyaya da manoma da tsuntsayen da ke zuwa Baturiya daga nesa duk shekara, ta isa ta ɗauki labari mai raha da almara wanda ba a rubuta ba tukuna.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa farin jinin Ruwan Bagaja ya samu ne daga haɗuwar abubuwa huɗu, tambaya mai jan rai, da raha mai ƙa'ida, da zambo mai hikima, da almara mai ma'ana, waɗanda Imam ya ɗebo daga tatsuniya da Larabci da boko ya dama su da Hausar da kunne ke so. Mun kuma nuna cewa mai karatu na bakin kogin Haɗeja yana da nasa mabuɗin da ya ke buɗe littafin da shi, in har malami ya ba shi dama. Abin da mu ke tsoro shi ne kada mu, da aka ɗora wa amanar littafin, mu zama mu ne muka raba yara da shi ta hanyar koyarwarmu. Muna fata 'yan'uwa da ke koyarwa a wasu sassan ƙasar Hausa za su gwada karanta shi a bayyane a azuzuwansu, su kawo mana abin da suka gani a taro na gaba, domin mu gwama da namu.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda muka yi kuskure muna neman gyara daga shehunanmu.